Rawanin Buhu da Bakin Rijiya

Garin yana tsakanin Wagini da Karare. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutanensa suna raye kuma suna da dangi. Can aka tura ni koya wa manya karatun boko, a shekarun da Turawa suka tashi haiƙan kan yaƙi da jahilci kamar jiya suka ji labarinsa.

Rijiya ɗaya ce a garin mai ruwa rani da damina. Tana cikin kwari, tsakanin unguwar mahauta da unguwar malamai, bakinta daidai da ƙasa, ba gini ba murfi, sai wasu itatuwa biyu da igiyar guga ta cinye. Da rani ba laifi. Da damina kuwa, ruwan sama yakan biyo ta mayanka ya kwaso jini da kashin tumbi, ya biyo ta bayan gidajen malamai ya kwaso abin da malamai ma suke yi kamar kowa, ya haɗa ya juye a ciki. Sai gudawa ta shiga gari. Kowace damina akan kai wasu maƙabarta. A daminar da ta gabaci wannan labari, matata Turai tana cikinsu. Malamai suka zo gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare. Mahauta suka kawo nama. Da aka shafa fatiha, kowa ya koma ya zura gugansa.

Aikin ba wani aiki ba ne. Duwatsu a ƙasar nan har tuntuɓe ake yi da su. A ja gini ya kai gwiwa, a gicciya azara a kai, ruwan kwari ya kewaye ya wuce. Abin da nake so ke nan kafin ruwan farko ya sauka. Na faɗa wa mai gari, ya ce in Allah ya yarda, ya kuma tambaye ni lafiyar gida, gidan da ya san ba kowa a ciki.

Daga baya na gane inda gizo yake saƙa. Mahauta sun ce kakansu ne ya haƙa rijiyar. Malamai sun ce kakansu ne ya yi addu'a ya nuna wurin. A garin kuma, wanda ya yi wa rijiya baki shi ke da ita, shi da jikokinsa. Don haka in mahauci ya ajiye dutse, malamai za su kawar. In malami ya ajiye, mahauta za su kawar.

Na tafi zauren Malam Armaya'u, babban unguwar malamai, tsoho mai tari kafin ya yi magana da bayan ya gama. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

Na ce, "Allah gafarta Malam, to ku haɗu da su mana, ku gina tare."

Ya yi tari. "Ɗana, in na haɗu da mahauta na gina, na yarda suna da rabi ke nan. Rabin da kakana bai ba kakansu ba, ni wa ya aike ni?"

Na jawo masa maganar malaman fiƙihu a kan wajibcin kawar da cuta daga jama'a. Ya karɓe ta daga bakina ya ƙarasa, har da sharhi da sharhin sharhi. Ya fi ni saninta nesa ba kusa ba. Rashin sani bai taɓa zama ciwon garin nan ba.

Ajina a rumfar ƙofar mai gari yake, bayan la'asar. Magidanta ne, masu gemu, suna bin allo suna rera baƙaƙe da wasula kamar masu zaman makoki. Cikinsu akwai Ƙasimu, sarkin fawa, ƙato mai dariya kamar tsawa, wanda ya shigo aji don ya ji an ce ɗan malamai ya shigo. Ɗan malaman shi ne Lawal, ƙanin Malam Armaya'u, wanda shi ma ya shigo don an ce mahauta za su shigo. Ba wanda yake ci gaba, ba kuma wanda ya yarda ya riga wani bari.

Sai Baturen da ke duba azuzuwan manya ya zo rangadi. Ya zauna ya saurari rerawarmu, fuskarsa ta nuna yana tuna gida. Da aka tashi ya ja ni gefe, da Hausarsa ta hanci, ya ce in gwada wasan kwaikwayo. Mutumin da zai tsaya gaban jama'a, in ji shi, zai koyi karanta maganarsa don kada ya ji kunya. In kuma sa wani abu na amfanin gari a ciki. Ba na son shawarar mutumin da motarsa ke jiransa. Amma wannan karon yana da gaskiya, abin da ya ƙara ɓata mini rai.

Na tsara wasa a kan wata rijiya a wani gari, da unguwa biyu masu taurin kai. Ban wahalar da kaina wajen ɓoye kamannin ba. Na rubuta wa kowa maganarsa a takarda daban, na ce ba mai karanta wa wani. Sannan na juya su: Ƙasimu zai fito a malami, Lawal a mahauci.

Ƙasimu ya yi dariya har allo ya girgiza. "Ni ne Malam? Lawal, ara mini carbin yayanka. Mai dogon nan, wanda ake ja ana lissafin gonakin mutane."

Lawal ya ce, "Sai ka fara wanka, Sarki. Carbin ba ya son ƙarni."

"Kai kuma ka koyi riƙon wuƙa. Na gan ka ranar layya, ragon ne ya ji tausayinka ya mutu."

Abin da rerawa ta kasa, gaba ta yi shi. Ƙasimu ya riƙa tare ni a mayanka, hannu duk jini, yana nuna mini kalma da tsinin wuƙa. Lawal ya haddace nasa ya koma leƙen na Ƙasimu don ya kama shi da kure. Matsala ɗaya, ba wanda ya yarda ya fito a mace mai jan ruwa, sai Manu, wani dogon Bafillace mai kawo shanu kasuwa, wanda ya ce shi bayan wasa daji zai koma, masu dariya su bi shi can in sun isa.

Ana cikin shiri Ƙasimu ya ce, "Malam, wa zai ɗaura rawani?"

Na ce wane rawani. Suka dube ni kamar na tambayi ina gabas take. Ashe a garin, in kaka ta yi, samari sukan yi kalankuwa, su naɗa nasu Razdan irin na Turawa da nasu alƙali, su yi mulkin ƙarya. Ba a fara kowane irin wasa sai sarkin wasa ya ɗaura rawanin wasa a gaban jama'a. Daga lokacin har ya kwance shi a gabansu, zagi ba zagi ba ne, kuma abin da hannu ya yi ba ya zama hujja a kan kowa. Suka kawo rawanin. Tsagin buhun gyaɗa ne da aka taɓa rinawa da baba, yana warin rumbu da zufar samarin shekaru da yawa.

Na juya buhun a hannuna. Na ce, "Wato in an ɗaura wannan, mahauci zai iya ajiye dutse a bakin rijiya?"

"Ko dutsen Ruma ya ɗauko," in ji Lawal. "Wasa ne."

Nan take na ce a bakin rijiyar za a yi wasan, kuma da duwatsun gaske. Ni ne alƙali, ni ne sarkin wasa. Ƙasimu ya ce zai ba da aron duwatsun da ya tara don katangar turkensa. Malam Armaya'u ya ba da aron azarar da ya ajiye don sabon zaure, da yake an ce masa karatu ne, kuma yana son ya ga yadda mahauci zai kwaikwayi malami.

Ranar wasa gari ya fito, har da mutanen Karare. Baturen ya zo aka ba shi kujera. Na ɗaura buhu a kaina, mai kalangu ya buga. Ƙasimu ya fito cikin babbar riga ta aro, yana riƙe da takardarsa nesa da fuska, ya yi tari kafin ya karanta, ya yi tari bayan ya gama. Jama'a suka kwanta don dariya. Malam Armaya'u ya so ya ɓata fuska, tari ya kama shi, dariya ta ƙaru. Lawal ya fito yana wasa wuƙa yana rantsuwa da kakansa. Manu ya fito da zane da tulu, ya zauna a ƙasa yana kukan ɗansa da ruwan rijiya ya kashe. Nan dariyar ta ɗan ja baya. Na ga wasu mata sun sunkuyar da kai.

Aka kawo ƙara gabana. Na karanta abin da na rubuta wa kaina: ba zan yanke hukunci ba sai masu ƙara sun yi wa rijiya baki da hannunsu. Suka kama. Mahauta suna miƙo dutse, 'ya'yan malamai suna jerawa, mata suka shiga kwaɓa laka ba wanda ya sa su. Kalangu yana tafiya. Kafin rana ta yi ja, gini ya kai gwiwa, an gicciya azara. Na tsaya ina kallonsa. Abin da aka binne mutane a kansa shekara da shekaru, bai ci yammaci guda ba.

Na yanke hukunci cewa rijiya ta mai ƙishirwa ce. Aka yi guɗa. Baturen ya tafa, ya ɗauki hoto, ya riƙe hannuna ya ce zai ba da labarin garin nan a Katsina. Motarsa ta tashi. Na kwance buhun a gaban jama'a, na sosa kaina.

Ban gama sosawa ba na ga Lawal ya kama kan azara, wani ɗalibina ya kama ɗaya kan.

"Lawal, ina za ku kai ta?"

"Gida, Malam. An gama."

Na juya, mahauta sun jera jakuna suna ɓamɓare duwatsu tun lakar ba ta sha iska ba. Ƙasimu, da babbar rigar har yanzu a jikinsa, yana nuna musu na ƙasa.

"Sarki! Mene ne haka?"

"Aro ne, Malam. In suka kwana nan ba rawani, gobe malamai su ce mun yi wa rijiya baki da wayo. In azararsu ta kwana, mu mu ce haka. Ka so a yi jini?"

"Yanzu kuka gina shi da hannunku!"

"Wallahi kuwa. Ka ga yadda ya miƙe? Ko magini sai haka." Ya dubi ginin da alfahari, ya sa ƙafa ya ture dutsen sama.

Wata tsohuwa, Tasalla, mai sayar da daddawa, tana tsaye da guganta tana jira su gama ta ja ruwa. Ta ce, "Malam na boko, kai da ka sha karatu, ka taɓa ganin Razdan na kalankuwa ya kwana yana mulki? Da safe gona yake tafiya."

Kafin a kira magariba rijiya ta koma yadda kakanninsu suka bar ta, sai dai an ƙara mata taɓo.

Washegari aji ya cika, har da sababbin fuskoki. Ban rubuta komai a allo ba. Na ce, "Kun gane abin da wasan nan yake nufi?"

"Sarai," in ji Ƙasimu. "Lawal, gaya mishi."

Lawal ya miƙe ya karanto, ba gargada: gari jiki ɗaya ne, cutar da ta shiga gidan maƙwabci ba ta neman izini kafin ta tsallaka katanga, wanda ya ga ɓarna ya yi shiru da shi aka yi. Maganata ce, kalma da kalma. Ya karanta ta fiye da yadda zan karanta.

Na ce, "To?"

"To ai gaskiya ce, Malam."

"To ku je ku gina."

"A'a. Wannan kuma wata magana ce."

Na karanta littattafai da yawa a kan yadda ake shiryar da wanda bai sani ba. Ban taɓa cin karo da babi a kan wanda ya sani, ya yarda, ya kuma yaba maka iya magana ba.

Kwanaki suka tafi. Zafin bazara ya kai inda yake kaiwa, gabas ta fara haɗa gira da yamma. Mutane suka shiga sharar gona. Ni kuma kullum sai na bi ta kwarin nan, in ga mata sun durƙusa a kan ruɓaɓɓun itatuwan, in ga hanyar da ruwa ya saba bi daga mayanka, a share, tana jira. Na koma wurin mai gari. Ya ce ya ji an yabi garinsa a Katsina, Allah ya yi mini albarka.

Ƙasimu kuwa ya dame ni. Tun da ya ɗanɗana babbar riga bai sake zama daidai ba. "Malam, a sake wasan nan mana. Surukaina na Tsaskiya ba su gani ba. Na ƙaro wani tari, in ka ji shi sai ka riƙe ciki."

Na buɗe baki in zage shi, sai na rufe. Na dube shi da kyau. Na ce, "A sake."

Malam Armaya'u ya fi shi wuya. Ya ce azararsa ta sha laka wancan karon.

Na ce, "Allah gafarta Malam, da zarar na kwance rawani za a dawo da ita."

Ya dube ni ta ƙasan gira. Ya yi tari. "Ka dai san aro amana ne."

"Na sani."

"To ɗauka."

Aka sake taruwa, hadari yana ta gabas. Na ɗaura buhu. Ƙasimu ya yi sabon tarinsa, Manu ya yi kukansa, aka gina bakin rijiya, har ya fi na farko kyau don hannu ya saba. Masu ƙara suka dawo gabana suka durƙusa. Mata suka gyara murya don guɗa. Jakunan mahauta suna tsaye a gefe da mangaloli.

Na ce, "Alƙali ya ji bayanin kowa. Magana ce mai nauyi, tana son bincike. An ɗage shari'a."

Na tashi na kaɗe rigata, na kama hanyar gida da buhu a kaina.

Ƙasimu ya biyo ni yana tattare babbar riga. "Malam, ba haka yake a takarda ba! Ga shi nan, na iya karantawa yanzu, cewa za ka yi rijiya ta mai ƙishirwa ce."

"Alƙali ya sake tunani."

"An ɗage zuwa yaushe?"

"Sarki, ka taɓa zuwa gaban alƙali na gaske? Ya taɓa gaya maka yaushe?"

Lawal ya ce, "To kwance rawanin mu kwashe kayanmu, in ya so ka yi ta bincikenka."

"A tsakiyar shari'a? Wa ya taɓa yin haka a kalankuwarku?"

Suka tsaya cirko-cirko. Aka tambayi tsofaffi, tsofaffi suka ce sarkin wasa shi ke ɗaurawa shi ke kwancewa, ba a taɓa fizge rawani daga kansa ba, ba kuma a taɓa rushe kayan wasa wasa yana tafiya ba. Ba a taɓa samun sarkin wasa marar kunya irina ba, shi ya sa al'ada ba ta tanadi magani ba. Amma suka ƙara da cewa duk ranar da aka gan ni a waje da kai ba buhu, ko da hula ce, wasa ya faɗi.

Ruwan farko ya sauka da rana tsaka ana kasuwa. Na bar rumfa na tafi kwari na tsaya. Ruwa ya gangaro daga mayanka, ja-ja, da abin da ya saba ɗaukowa. Ya haɗu da na unguwar malamai. Ya zo ya bugi duwatsun Ƙasimu, ya rabu biyu, ya kewaye, ya wuce rafi. Na tsaya har ya tsagaita. Baban da ya rage a buhun ya narke ya biyo mini fuska da wuya, ya ɓata rigar da ba ni da mai wanke mini.

Da buhun na yi damina. Da shi nake koyarwa, da shi nake zuwa masallaci, da shi na je kasuwar Batsari inda wani tsohon abokin karatuna ya gan ni ya tsallaka hanya. Yara suna bina suna kiran Alƙalin Gyaɗa. Kaina ya yi ƙuraje. A gari an san ni da mutumin da ya ci aron tsoho. Duk Juma'a, in an fito, Malam Armaya'u yakan ɗaga murya yadda sahun baya zai ji: "Malam Badaru, azarata fa? Zaurena yana jira." Ƙasimu ya amsa daga can: "Da duwatsuna, Allah gafarta Malam! Awakina suna kwana a fili saboda boko." Sai a yi dariya, a dube ni.

Gudawa ta zo da sauƙi a shekarar. Malamai suka ce addu'a ce. Mahauta suka ce sun sauya wurin zubar da tumbi, abin da ba su yi ba.

Da gero ya fara nuna, samari suka fara maganar kalankuwarsu, da rawanin da za su buƙata. Na san za su zo. Kafin su zo, wata safiya Ƙasimu ya tare ni a lungun bayan mayanka, ya duba hagu da dama.

"Malam, yaran nan za su zo neman rawani. Kada ka ba su. Na sa an rina musu wani buhun."

Na ce, "To me zai hana ka fito gaban jama'a ka ce a bar ginin?"

"Ni? In faɗi haka malamai su ji?" Ya dafa ƙirji. "Kai dai riƙe."

Da yamma Lawal ya zo da saƙon yayansa, shi ma a lungu. Malam ya ce a gaya mini ya sami wata azarar daga Safana, ba ya gaggawa, alƙali ya yi bincike a tsanake. Ya kuma aiko da man shanu a ɗan ƙoƙo, wai yana maganin ƙurajen kai.

Na karɓi ƙoƙon. Na ce, "Ka ce masa na gode. Ranar Juma'a fa, zai bar ni in wuce?"

Lawal ya yi mamakin tambayar. "Haba Malam. In bai tambayi azararsa ba, ai mahauta sai su ce ya bar musu."